Don me za a rufe ƙofar coci saboda masu tafiya hutu?

Lahadin ƙarshe na watan Yuli, ana gab da sa albarka a tashi, sai aka karanta mana sanarwa a cocin Angalika na unguwarmu a nan arewacin Ingila. Daga mako mai zuwa har farkon Satumba babu sujadar yamma, babu makarantar Lahadi, mawaƙa sun tafi hutu, addu'ar Laraba an dakatar da ita, sujadar safe guda biyu an haɗe su sun zama ɗaya, sannan akwai Lahadi biyu a cikin Agusta da ƙofar ma ba za a buɗe ta ba sam, wai duk mai so ya tafi ɗaya cocin da muke ƙarƙashin rabaran ɗaya da su, can bayan gari. Na duba hagu na duba dama ko zan ga wanda abin ya dama, kowa fuskarsa sake, har da masu murmushi. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni ce kawai ta matso tana tambayata a hankali ko na san bas ɗin da ke zuwa can ran Lahadi. Akwai bas, amma ran Lahadi jefi-jefi yake zuwa, kuma inda yake sauke mutane akwai tafiyar ƙafa mai ɗan tsawo, ita kuwa da sanda take takawa.

Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ra'ayina a fili yake, ban yarda a rufe ƙofar coci ran Lahadi don lokacin zafi ya zo ba. A rage tsawon sujada, na yarda. A sauya lokaci, a fita da ita waje ƙarƙashin itatuwa, a bar mawaƙa su huta, rabaran ya ɗauki iyalinsa ya tafi inda zai tafi, duk na yarda. Amma a ce ranar Ubangiji ta zo mai bi ya taso ya tarar da kwaɗo a ƙofa, wannan kam ba daidai ba ne, domin jadawalin nan an tsara shi ne da tunanin waɗanda suke da halin tafiya, an manta cewa akwai waɗanda babu inda za su.

Ga waɗanda ke gida bari in ɗan yi bayani don kada a ce mutanen nan ba su da tsoron Allah, ba haka ba ne. Makarantu a Ingila suna yin dogon hutu na wajen mako shida, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma shi ne lokaci mafi tsawo da iyaye za su iya fita da yara ba tare da an ci su tara ba. Ga shi mutane sun sha watanni na sanyi da duhu, a Disamba ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya rufe, to in Yuni da Yuli suka zo rana takan kai tara da 'yan mintoci kafin ta faɗi, ba wanda yake son zama a ɗaki. Kowa ya kama hanya, masu zuwa Sifen, masu zuwa bakin teku a Wales ko Kornwal, masu kafa tanti a daji. Coci yakan ragu sosai, wannan gaskiya ce, ita kanta Cocin Ingila in za ta ƙirga masu zuwa sujada a shekara makonni huɗu na watan Oktoba take ɗauka, ba wanda zai ce a ƙirga a Agusta.

Su wa suka rage a gari?

Wannan ita ce tambayar da nake so dattawan ikilisiya su yi wa kansu kafin su buga jadawali. In masu mota da masu kuɗin tikiti suka tafi, su wa ke nan?

Tsofaffi suna nan. Da yawansu su kaɗai suke zaune a gida, miji ko mata ta rasu, 'ya'ya suna wani gari, kuma a lokacin hutun ne ma 'ya'yan da jikokin suke yin nisa. Akwai wanda daga Litinin zuwa Asabar in ka cire mai kawo wasiƙa ba wanda yake kiran sunansa, Lahadi ce ranar da ake riƙe masa hannu a ce salamar Ubangiji ta kasance tare da kai, a tambaye shi ya ƙafar, a sha shayi tare bayan an tashi. Ka ɗauke masa wannan na mako shida ka ce ai za a dawo a Satumba.

Iyaye masu ƙaramin ƙarfi suna nan da yaransu. A ƙasar nan yaran talakawa suna cin abincin rana kyauta a makaranta, in aka yi hutu abincin ya tsaya, har sai da ɗan ƙwallon nan Marcus Rashford ya tashi tsaye a watan Yunin 2020 ya matsa wa gwamnati kafin ta yarda ta ci gaba da ba su takardar sayen abinci a hutun shekarar. Wuraren rabon abinci ga mabuƙata da yawansu a cikin coci-coci suke, ikilisiya ta fi kowa sanin gidajen da Agusta ke yi wa nauyi. To a watan da uwa take tare da yara uku a ɗaki biyu daga safe har dare, ba makaranta ba kuɗin fita, a wannan watan ne za a ce mata makarantar Lahadi ma ta tafi hutu?

Masu neman mafaka da aka ajiye a otal-otal suna nan, ba su da izinin aiki balle kuɗin tafiya. Ɗalibai 'yan ƙasashen waje masu digiri na biyu suna nan suna fama da rubutun ƙarshe, tikitin zuwa gida a lokacin ya fi kowane lokaci tsada. Sai mu masu aikin kula da tsofaffi da na asibiti, lokacin da aka buɗe bizar aikin kula a 2022 'yan Najeriya da yawa ta nan suka shigo, kuma aikin ba ya sanin Lahadi. Wanda ya kwana a aiki ya tashi takwas na safe, idonsa ba zai iya sujadar ƙarfe goma ba, wanda kuma ya shiga da sassafe sai biyu ko uku na rana zai fito. Sujadar yamma ta shida da rabi ita ce tamu. Ita ce kuma ta farko da ake yankewa, saboda in an ƙirga kawuna ba ta da yawa.

Waɗannan su ne ikilisiyar Agusta. Ba su ne masu yawan baiko ba, ba su ne ke zama a kwamiti ba, shi ya sa ba a jin muryarsu lokacin da ake yanke shawara.

"Fasto ma mutum ne, masu hidima sun gaji"

Wannan ita ce amsar da aka fara ba ni, kuma ita ce ta fi ƙarfi a cikinsu, ban raina ta ba. Rabaran ɗinmu yana riƙe da coci fiye da ɗaya, a karkara ma akwai masu riƙe da biyar, shida, har fiye. Saboda irin wannan ne a watan Fabrairun 2019 babbar majalisar Cocin Ingila ta sassauta tsohuwar dokar da ta zo tun farkon shekarun 1600, wadda ta ce dole a yi sujada kowace Lahadi a kowane cocin unguwa, yanzu in an yi a guda ɗaya daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin fasto ɗaya ya wadatar a doka. Masu koyar da yara kuma 'yan sa-kai ne, mata uku ko huɗu ne suke juyawa shekara da shekaru, wasunsu sun haura saba'in. Yesu da kansa a Markus sura 6 ya ce wa almajirai su zo su keɓe su ɗan huta, don ko sukunin cin abinci ba sa samu. Ba ni da bakin da zan ce kada su huta.

Amma a nan ne nake ganin an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Hutun fasto daban, rufe ƙofa daban. Ni a ƙauye na taso, ikilisiyarmu ta yi shekaru ba ta da naɗaɗɗen fasto, mai bishara ne yake zagayowa a keke, wani lokaci ruwa ya hana shi tsallake rafi. Ba a taɓa cewa yau babu sujada ba. Dattijo ɗaya ya tashi ya buɗe da addu'a, wata mama daga zumuntar mata ta ɗaga waƙa, wanda ya fi iya karatu ya karanta aya, a ɗan yi bayani gwargwadon abin da Allah ya ba shi, a yi addu'a domin marasa lafiya, a karɓi baiko, a tashi. Jibin Ubangiji ne kawai ake jira sai fasto ya zo.

Kuma ba wai tsarin nan baƙo ne a Ingila ba. Cocin Ingila tana da masu wa'azi waɗanda ba limamai ba ne, masu lasisin jagorantar sujada, tun 1866 aka farfaɗo da wannan matsayi. 'Yan Metodis kuwa tun zamanin John Wesley, wanda ya kafa su, da irin waɗannan masu wa'azi suke tafiya, yawancin sujadarsu ta Lahadi su ne suke yi. Dattawan da ke riƙe da mabuɗin coci ma doka ta ba su damar karanta addu'ar safe in babu limami. To me ya rage? Mutum ɗaya mai mabuɗi, mutum ɗaya mai karatu, mutum ɗaya da zai iya ɗaga waƙa ko babu mai kaɗa molo. Minti arba'in an gama.

Wajen yara ne kawai na san akwai wuya ta gaske, domin a nan ba a barin kowa ya koyar da yara sai an binciki tarihinsa wajen hukuma an ba shi takarda, kuma dole manya biyu su kasance tare da su, wannan doka ce mai kyau kuma kada wani ya ce a kauce mata. Amma binciken nan ba a Yuli ake farawa ba. In tun Maris aka nemi sababbin mutane aka cika musu takardu, kafin hutu ya zo an samu masu canjin waɗannan iyaye mata da suka gaji. In ma hakan bai samu ba, a bar yaran a cikin sujada tare da iyayensu, a gajarta wa'azi, a ba su karatun aya, su ɗauki kwanon baiko. Yaro ba ya lalata sujada.

"Ai Allah yana ko'ina"

Wata 'yar'uwa baturiya da muke shiri da ita ta ce min ita ta fi jin kusanci da Allah in tana tafiya a bakin teku da safe fiye da cikin gini. Na gaskata ta. Zabura 19 ta ce sammai suna shelar ɗaukakar Allah, Zabura 139 ta ce babu inda za ka gudu ka ɓuya masa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tuddan arewacin ƙasar nan da yammacin Yuli ya san zuciya takan cika da yabo ba tare da an ce mata ta yi ba.

Sai dai addu'ar mutum shi kaɗai ba ta maye gurbin taron 'yan'uwa. A bakin teku ba za ka ba wa kanka jibin Ubangiji ba, ba za ka ji shaidar wanda Allah ya tashe shi daga ciwo ba, ba za ka lura cewa wance yau ba ta zo ba bari a leƙa ta ba. Ibraniyawa sura 10 aya 25 da ta ce kada mu bar yin taronmu, dalilin da ta bayar shi ne don mu ƙarfafa juna, wato zuwanka ba don kanka kaɗai ba ne, akwai wanda ganin fuskarka ne yake riƙe shi.

Ni ba da matafiya nake faɗa ba fa, a fahimce ni. Wanda ya yi aiki shekara guda ya tara kuɗinsa ya fita da iyali, Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Abin da zan roƙe shi kawai, garin da ya je akwai coci, ya shiga. Ƙananan ikilisiyoyin bakin teku suna murna da baƙi ƙwarai. 'Yan Katolika sun fi mu a wannan, ko ina suka je sai sun nemi inda ake Mas, kuma ban taɓa jin an ce an daina Mas ɗin Lahadi don Agusta ta kama ba, sai dai a rage yawansu.

Akwai kuma masu cewa ai ana sawa a intanet, wanda bai samu zuwa ba ya kalla a YouTube. Mun gwada wannan ai, ba da son ranmu ba. A watan Maris 2020 aka rufe coci-coci saboda korona, sai 4 ga Yuli aka bari a koma, waƙar jama'a a cikin gini kuwa sai Yulin 2021 aka sake yarda da ita. Kowa ya ga yadda abin ya kasance, makon farko ana zaune da Littafi a hannu, wata na uku ana kallo ana soya ƙwai, daga baya ma a ce bari in kalla da yamma, yamman ba ta zuwa. Kuma akwai waɗanda tun wancan lokacin ba su dawo ba har yau, kowane coci ya san kujerunsu. Ga marar lafiya da ke kwance intanet alheri ne babba, amma mu Hausawa mun riga mun ce zumunta a ƙafa take. Tsohuwar da wayarta ta dannawa ce ma me za ta kalla?

Abin da korona ya koya mana shi ne zuwa coci sabo ne, kuma sabo yana karyewa da sauri. A ƙidayar 2011 kashi 59.3 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, a ta 2021 aka sauko 46.2, karon farko da aka yi ƙasa da rabi. Ban ce hutun Agusta ne ya jawo haka ba, dalilan suna da yawa. Amma ikilisiyar da ke cikin wannan hali bai kamata ita da kanta ta riƙa koya wa yaranta cewa Lahadi kamar zangon makaranta take ba, ana buɗewa ana rufewa.

Maganar kuɗi kuwa ba ta ma taso ba. Abin da ke cinye kuɗin tsofaffin gine-ginen nan shi ne ɗumama su da sanyi, a Agusta ba a kunna komai, ko fitila ba a buƙata sosai, babu watan da buɗe coci ya fi araha kamarsa. In kuma zafi ne, ran 19 ga Yuli 2022 da aka kai digiri 40.3 a Coningsby, karo na farko da ƙasar ta haura arba'in, gidajen mutane da aka gina don riƙe ɗumi su ne suka zama abin tsoro ga tsofaffi, cocin dutse mai kaurin bango kuwa da sanyinsa. Irin wannan rana ma ita ce ta buɗe ƙofa tun safe.

"Ku ma a gida da damina ai haka kuke yi"

Wani ɗan'uwa daga Filato ne ya jefo min wannan, kuma akwai gaskiya a ciki. Watannin nan dai su ne daminarmu, kuma duk wanda ya taso a ikilisiyar manoma ya san Yuni da Yuli benci yakan yi sauƙi, addu'ar safe ta ranakun mako takan ragu, in ruwa ya sauka daren Asabar akwai wanda zai saci jiki ya je ya yi shuka ko ya zuba taki da asubar Lahadi kafin a buga ƙararrawa, fasto ya yi ta faɗa a kan bagade. Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin ikilisiya. A shekara ta 321 da sarki Konstantin ya kafa dokar hutun Lahadi a daular Rum, manoma ya cire su a ciki, ya ce su ci gaba da aikin gona don kada lokacin shuka ya wuce su. Kafin shi ma Lahadi ranar aiki ce ga kowa, shi ya sa gwamna Pliny a wasiƙarsa ga sarki Trajan wajen shekara ta 112 ya ce Kiristoci kan taru ne kafin gari ya waye su yi waƙa ga Almasihu, sannan su watse.

To ka ga abin da suka yi, lokacin suka matsar, taron bai mutu ba. Mu ma a gida haka ne, mutane sukan ragu amma ƙararrawa ba ta fasa bugawa, wanda ya makara ya shigo da taɓo a ƙafa ya zauna a baya. Akwai bambanci tsakanin mutum ya kasa zuwa da ikilisiya ta ce masa kada ya zo.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne tarihin su kansu mutanen ƙasar nan. A da lokacin zafi shi ne lokacin da suke fitar da sujada waje. A 1739 George Whitefield ya fara wa'azi a fili ga masu haƙar kwal a Kingswood kusa da Biristol, mutanen da ba sa shiga coci, ya jawo John Wesley shi ma ya fara a watan Afrilun shekarar. A Kornwal akwai wani rami mai faɗi da ake kira Gwennap Pit, Wesley ya yi wa'azi a cikinsa sau 18 tsakanin 1762 da 1789, har yau 'yan Metodis suna taruwa a wurin. A 1868 wani bawan Allah Josiah Spiers ya je hutu bakin teku a Llandudno, ya ga yara suna wasa, ya rubuta musu a kan rairayi cewa Allah ƙauna ne, suka taru ya ba su labarin Yesu, daga wannan aikin ne ƙungiyar Scripture Union ta girma har ta iso makarantunmu a Najeriya. Babban taron Kiristoci na garin Keswick da aka fara a 1875 har gobe ana yinsa mako uku a Yuli da Agusta, dubban mutane, kuma shiga kyauta ne. Kakanninsu da suka ga jama'a sun fita waje, bin su suka yi da Littafi.

Sai dai ko a nan ina da ɗan ƙorafi. Manyan tarukan nan suna da albarka, amma ko da ba a biyan kuɗin shiga akwai kuɗin mota da na masauki da hutun aiki na mako guda, kuma waɗanda suke zuwa su ne dai ƙarfafan cocin unguwa, masu kiɗa da masu koyarwa. Su dawo cike da Ruhu suna ba da labari, alhali waɗanda aka bari a baya ko ƙaramar sujada ba su samu ba. Taron shekara ba zai zama madadin Lahadin unguwa ba. Abin da nake so in gani shi ne ƙaramin abu, a fito da kujeru harabar coci ko filin shaƙatawa na unguwa, a yi waƙa uku, a karanta aya, kowa ya kawo abin da ya dafa a ci tare. A Filibi ma a bakin kogi Bulus ya sami mata suna addu'a, a nan Lidiya ta ba da gaskiya. Mai wucewa da karensa da ba zai taɓa tura ƙofar coci ba yana iya tsayawa ya saurara.

Mu kuma fa?

Ba zan gama ba tare da na juyo kanmu ba, mu 'yan Najeriya da ke nan, musamman mu 'yan arewa da muka taso a ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da LCCN da Baptis da Angalika. Muna da saurin cewa Turawa sun yi sanyi. Amma in an nemi wanda zai riƙe mabuɗi ko ya koyar da yara, mu nawa ne muke ɗaga hannu? Da yawanmu muna zuwa ne kamar baƙi, mu zauna a baya, ana gamawa mu fice, shekara uku rabaran bai san mun iya jagorantar addu'a ba, alhali a gida wasunmu shugabannin matasa ne, wasu sakatarorin zumuntar mata, wasu sun yi shekaru suna koyar da makarantar Lahadi, wasu tun suna ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS suke wa'azi. Wannan baiwar duk mun ajiye ta a akwati tare da fasfo.

Sannan lokacin zafi ne abokan aiki Turawa suke ɗaukar hutu, aiki ya yi yawa, a yi ta kiranmu mu cike gurbi, wasu wuraren ma kuɗin Lahadi ya ɗan fi. Na san nauyin da ke kanmu, ga haya, ga kuɗin sabunta biza, ga 'yan gida suna jiran kuɗin taki da na makaranta a daidai wannan lokacin. Wanda jadawalin aiki ya faɗa masa Lahadi ba shi da laifi, kula da marar ƙarfi ma hidima ce. Amma wanda da hannunsa yake zaɓen kowace Lahadi daga Yuli har Satumba don ƙarin fam kaɗan, shi ma ya rufe ƙofar ne, tasa ce kawai ba a gani.

Coci-cocin 'yan Najeriya da ke nan ba sa rufewa da zafi, wannan abin yabo ne. Amma ba kowane gari ne yake da su ba, kuma ko da akwai, ba na ganin daidai ne mu tsallake cocin da ke bakin layinmu inda tsofaffi goma sha suke fama, mu hau bas biyu mu je inda za mu ga 'yan garinmu kawai. Za a iya yin duka biyun. Kuma in mun shiga taimako kada mu ce sai an yi irin tamu ta awa uku da sanarwa mai tsawo, su ma akwai abin koyo a wurinsu, suna farawa a kan lokaci su gama a kan lokaci, mai aikin dare ya san zai samu barci.

Abin da zan kai gaban dattawanmu ba shi da yawa. Kowace Lahadi ƙofa ta buɗe a lokacin da aka saba, ko mutum biyar ne. Sujadar yamma a bar ta ko da addu'a ce da karatu na rabin awa, mu masu aikin kula da na asibiti za mu riƙe ta da kanmu. In dole sai an haɗu da ɗaya cocin, to a rubuta sunayen marasa mota a raba su ga masu mota tun kafin ranar, kada a bar mutum da jadawalin bas. Kuma irin wannan magana ba a bakin ƙofa bayan sujada ake yin ta ba, a Cocin Ingila kowace ikilisiya tana yin babban taronta na shekara kafin ƙarshen watan Mayu, a nan ake zaɓen 'yan majalisar da ke zama da rabaran su tsara jadawali. Ba ka da ƙuri'a sai sunanka yana cikin rajistar ikilisiya, kuma sharuɗɗan masu sauƙi ne, an yi maka baftisma, ka kai shekara 16, kana zaune a yankin in kai ɗan Angalika ne, ko kuma ka yi wata shida kana sujada a wurin ka bayyana cewa kai ma ɗan Cocin Ingila ne. Takarda ce shafi ɗaya, ana samunta wajen sakataren coci. 'Yan'uwa da ke Leeds da Manchesta da Bradford da Sheffield da sauran garuruwa, ku nemi takardar nan ku cika kafin Ista mai zuwa, in an zo neman 'yan majalisa kuma wani a cikinmu ya tsaya.